Amsa ga 'yata kan jan farce mai sauya launi da mai haske a duhu

'Yata, saƙonki ya iso, ina fata kina lafiya da mutanen gida. Kin ce an yi miki kyautar kwalabe biyu na jan farce, ɗaya yana sauya launi da kansa, ɗayan kuma yana haske in an kashe fitila. Kina son ki shafa ki je bikin ƙawarki, sai wata ta ce miki wannan ba al'ada ba ce, wata kuma ta ce duk abin da ke haske a duhu ba ya rasa guba. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki buɗe kwalbar.

Ita mai cewa ba al'ada ba ce, ki tambaye ta wane ɓangaren take nufi. In rina farce take nufi, to abin ya girmi kakannin kakanninta. An tono gawarwakin mutanen tsohuwar Masar an tarar da lalle a faratansu, matan fadar sarakunan Sin kuma suna haɗa ƙaro da kakin zuma da launin furanni su shafa. Mace ba ta fara ƙawata yatsunta jiya ba. Abin da ya zo daga baya shi ne kwalbar da ɗan buroshinta. Kamfanin Cutex a Amurka ya fitar da jan farce na ruwa a 1917, daga nan masu haɗa shi suka ari dabarar fentin mota mai saurin bushewa, sannan Revlon ya zo a 1932 da mai kauri wanda ke rufe farce ruf, ba a hango abin da ke ƙasa.

To a nan maganar take, kuma ita nake so ki riƙe fiye da duk sauran. Lalle rini ne. Ruwan ganyen yana shiga cikin farcen ya kama shi, ki kankare busasshen ki yar, launi ya zauna ba tare da ya bar wani abu a sama ba. Shi ya sa ba ya goguwa sai dai farcen ya tsiro ya ture shi, kuma farcen hannu kusan milimita 3 kawai yake yi a wata, sai ki ga jan yana ta matsawa gaba har a yanke shi. Jan farce kuwa fenti ne. Akwai wani sinadari a ciki, naitiroselulos, da aka narkar cikin ruwa mai saurin tashi, wannan warin da ke cika ɗaki in an buɗe kwalba. Ruwan yana tashi, sai ya bar siririyar fata a manne a kan farcen. Ki ɗiga ruwa a kai ki gani, zai dunƙule ya gangare.

Kin ga ke nan tambayarki ta tashi daga al'ada ta koma alwala. Farce yana cikin hannun da aka ce a wanke, duk abin da ya hana ruwa taɓa shi ya bar lam'a, kuma haka hukuncin yake a wankan tsarki. Mai sauya launi da mai haske ba su da wani sassauci a nan, sun ma fi na yau da kullum kauri, don sai an yi shafi biyu ko uku kafin su nuna aikinsu. Saboda haka mata masu kula suke ajiye shi sai kwanakin da suke fashin salla, su goge tas kafin wanka. Wasu suna yin alwala su shafa, amma da zarar alwalar ta karye sai an goge, kuma ni ban ga ranar biki da mutum zai wuni da alwala ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Za ki kuma ji ana tallar wani iri da ake cewa ruwa yana ratsa shi. Malamai sun yi saɓani a kansa, ni dai ba zan ɗora sallata a kan abin da mai sayarwa ya rubuta a jikin kwalba ba.

Yanzu ga yadda launin ke sauyawa, don kada wani ya ce miki siddabaru ne. Iri biyu ne. Na farko zafi yake bi. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace tana ɗauke da rini da wani abu mai narkewa kamar kakin kyandir. In akwai sanyi, abin ya daskare, rinin ya nuna launinsa. In ɗumi ya kai wajen digiri 31 a ma'aunin Selsiyas, ya narke, rinin ya washe ya zama kamar babu shi, sai launin da ke ƙasa ya bayyana. Ki tsoma yatsa a ruwan sanyi, ki ga ya koma shuɗi mai duhu. Ki riƙe kofi mai ɗumi, ki ga ya yi fari-fari tun daga gindin farcen. A ranar tsananin zafi kuwa sai ki wuni da launi ɗaya, ki yi ta zargin an sayar miki da jabu alhali aikinsa yake yi. Na biyun rana yake bi, wato hasken nan na rana da ido ba ya gani, irin dabarar gilashin ido da ke yin duhu in an fita waje ya washe in an shigo ɗaki. Dukansu ba su da tsawon rai, musamman in an bar kwalbar a rana. Wata rana za ki shafa ki ga ya tsaya a launi guda.

Akwai wani abu da hotunan talla ba sa faɗa. Wannan launi biyu da kike gani a farce ɗaya, gindi haske baki duhu, sai dogon farce yake bayarwa, domin bakin da ya wuce tsoka ya fi sanyi. Wato kwalbar da kanta tana jan ki zuwa ga tara farce. Mu kuwa an iyakance mana, a hadisin Anas da Muslim ya ruwaito, kada a bar farce ya wuce kwana 40 ba a yanke ba. Ko ba don haka ba, ƙarƙashin dogon farce matattarar dauɗa ce, kuma da hannun nan kike taɓa idonki da bakin yara.

Maganar guba kuwa, wadda ta faɗa miki ba daga sama ta tsinto ta ba, sai dai labarinta ya tsufa. A 1898 Marie Curie da mijinta suka gano rediyam a Faransa, wani sinadari mai fitar da ɓoyayyen haske da ke cutar da jiki. Daga 1917 wata masana'anta a garin Orange, jihar Niyu Jasi ta Amurka, ta ɗebi 'yan mata suna shafa fentin rediyam a lambobin agogo don sojoji su iya ganin lokaci da dare. An koya musu su riƙa daidaita bakin buroshi da leɓensu, aka ce musu ba ya cutarwa. Su kuma da ƙuruciya, sai su shafa a faratansu, har da haƙora, su fita da dare suna ƙyalli. Bayan 'yan shekaru haƙora suka fara zubewa, ƙashin muƙamuƙi yana ruɓewa, da yawa suka rasu. Biyar daga cikinsu, da Grace Fryer a gaba, suka kai ƙara, aka sasanta a 1928. Duk lokacin da na ga yarinya tana juya hannu a duhu tana dariya, su nake tunawa, Allah ya sani.

Amma na kwalbarki ba shi ba ne. Wancan yana haske ne dare da rana ba tare da an haska shi ba, don rediyam ɗin ke ciyar da shi. Na yanzu gari ne da ke shan haske ya riƙe, sannan ya riƙa sakinsa a hankali. Ko dai zinki salfayid ne da aka sa wa ɗan tagulla, wanda haskensa ba ya daɗewa, ko kuma sitirontiyam aluminet da kamfanin Nemoto na Japan ya fito da shi a 1993, wanda ya fi shi haske nesa ba kusa ba, yana kuma iya kai sa'o'i. Ki gwada da kanki: shafa a farce biyu, ki rufe ɗaya da filasta, ki haska tocila a kai minti ɗaya, ki shiga duhu ki cire filastar. Wanda ya sha haske zai yi kore shar, wanda aka rufe kuwa haskensa kaɗan ne, in ma akwai. Da rana kuma ba shi da wani kyan gani, fari-fari ne mai gautsi, kuma garin yana kwantawa a gindin kwalba, sai an girgiza sosai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da zinki salfayid ɗin a jan farce tun 2000. Abin tsoro shi ne kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ko wadda wani ya zuba garin fentin bango ya cakuɗa. Irin wannan kada ta taɓa jikinki.

Sauran kuma sanin wuri ne. Ado iri biyu ne a wurina, akwai wanda ake gani in an kalle ki, akwai wanda ke kiran ido ya zo. Farcen da ke haske a duhu na biyun ne, an yi shi ne don a ce "mu gani, mu gani". A tsakanin ƙawaye mata ranar biki, wannan wasa ne mai daɗi, ba na hana ki. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ba a zuwa ta'aziyya da shi, ba a zuwa gaida manya ko neman aiki da shi, kuma ki tuna hannu ba ya ɓoyuwa kamar sarƙar wuya: in wuta ta ɗauke a cikin taron da ke da maza, yatsunki goma ne kaɗai za su rage a fili. In ni ce, mai sauya launin zan ɗauka zuwa bikin, in bar mai hasken don zama a gida da 'yan uwa.

In ranar ta dace da kwanakin hutunki, ki shafa a wurin da iska ke shiga, nesa da wuta, don ruwan cikinsa yana kamawa. Ki tanadi asiton, wato ruwan goge jan farce, da auduga tun kafin ki fara, ki jiƙa ki ɗora a kan farcen ya ɗan jima kafin ki murza, ki bi gefe-gefe da gindin fata inda yake maƙalewa, sannan ki shafa mai don asiton yana busar da farce. Kada ki ɓanɓare shi da haƙori, yana tafiya da saman farcen. In kuma zuwa asibiti ya kama, musamman tiyata, ki goge tun daga gida, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini da haske take aiki, fenti mai duhu yana iya rikita ta. In ranar ba ta dace ba, ki yi lallenki ki tafi, kwalaben kuma ki ajiye su a inuwa inda ƙannenki ba za su kai hannu ba. Ki gaida mahaifiyarki.

Gwaggonki