Zaren Itace a Cikin Robar Waya da Kwamfuta

Tambaya: Malam, ni mai gyaran waya ne a Nima, nan Accra. Na ji ana cewa za a riƙa yin murfin waya da jikin kwamfuta da itace. Shin ruwa ba zai lalata shi ba, kuma idan an yar zai ruɓe?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar tana da tushe, sai dai abin da ake nufi shi ne selulos, sinadarin da ke ba kowane tsiro ƙarfin tsayuwa. Ana tsefe shi har ya koma zare mai faɗin nanomita 3 zuwa 4 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), sannan a cuɗa shi da roba domin ta ƙara ƙarfi ba tare da ta yi nauyi ba. Farfesa Akira Isogai na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsa sun sami lambar yabo ta Marcus Wallenberg a 2015 saboda hanyar da suka samo ta raba wannan zare cikin sauƙi, kuma a wannan shekarar masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka ɗora kayan lantarki irin na waya a kan fallen da aka yi da shi.

Batun ruwa shi ne ainihin wahalar aikin. Selulos yana jan danshi, alhali yawancin robobi korar ruwa suke yi, saboda haka idan aka haɗa su kai tsaye sai zaren ya dunƙule wuri ɗaya, robar kuma ta yi rauni a daidai nan. Dole a fara shafe zaren da sinadarin da zai sa ya kama jikin robar, a kuma kula da wuta, domin zafin da ke narkar da wasu robobin yana ƙona shi. Idan aikin ya yi kyau robar tana lulluɓe zaren, ruwan sama ko gumin hannu ba zai cutar da murfin ba.

Ruɓewa kuwa ta dogara ga robar da aka haɗa. Idan ta man fetur ce, za ta daɗe a bola kamar tarkacen da muka sani a Agbogbloshie, wurin da aka riƙa jibge tsofaffin kayan lantarki a Accra, ko da akwai zaren tsiro a cikinta. Wannan ne ke damuna, domin kalmar "na tsiro" tana saurin sayar da kaya. Idan ɗan kasuwa a Circle, inda ake cinikin wayoyi a Accra, ya ce murfinsa mai ruɓewa ne, ka duba kwalin ka ga ko an rubuta PLA, robar da ake yi da masara ko rake, wadda ita ma sai a ma'aikatar takin zamani mai zafi take ruɓewa sosai.