Manhajar duba aikin juna ga likitocin hoto: mai ba da maki ko mai tara darasi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni likitar hoto ce a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda. Mu shida ne muke karanta hotunan CT da MRI da na ƙirji. An ɗora mini nemo manhajar da za mu riƙa sake duba rahotannin juna ba tare da an ga sunan mai rahoton ba. Kamfanoni biyu sun kawo tayi: manhajar ɗaya tana ba kowane likita maki, ɗayar kuma tana tara kurakurai ne don a tattauna. Abokan aikina sai ɗari-ɗari suke yi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Dokta. Ki ɗauki mai tara darasi, in har ta cika sharuɗɗan da zan faɗa miki.

Kuskure a karatun hoto ba alamar ragwanci ba ne. Tun 1949 Dokta Henry Garland a Amurka ya nuna cewa ƙwararru kan tsallake kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ke cikin hotunan masu cuta. A aikin yau da kullum, inda lafiyayyun hotuna suka fi yawa, saɓanin yakan tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 5. Tunda kowa zai yi, abin nema shi ne a gano shi a kuma faɗe shi.

A nan maki yake kawo cikas. A 2002 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fito da RADPEER: kina karanta sabon hoto, sai ki buɗe tsohon rahoton abokin aiki ki ba shi maki. A 2016 aka rage matakan daga huɗu zuwa uku. Amma wa zai rubuta wa wanda suke shan shayi tare cewa ya yi kuskuren da bai kamata ba? Sai kowa ya danna "na yarda" a wuce, takarda ta yi kyau, ba wanda ya ƙaru. Kwalejin likitocin hoto ta Birtaniya ba ta ba da shawarar maki. Zama ake yi a nuna hoton ba suna, a tattauna. Abin ya fi nauyi a wurinku, inda da yawa aikin kwantiragi suke yi, iƙamarsu, wato izinin zama a ƙasar, na rataye da asibitin. Wanda ke tsoron maki ya taɓa kwantiraginsa ba zai kawo kuskurensa gaban jama'a ba.

Kada kuma kalmar "ba suna" ta rufe miki ido. Ku shida ne fa. Salon rubutu da lokacin da aka sa hannu sun isa a gane wanda ya kwana aiki ran Alhamis. Ki nemi manhajar da ke ɓoye rana da sa'a, ta ɓoye mai dubawa shi ma, sannan mutum ɗaya tak ya riƙe mabuɗin sunayen, wanda ba shi ke sabunta kwantiragi ba. Dole a samu wannan mutumin, domin in an gano ƙari da aka tsallake, sai an nemo mara lafiyar a gyara rahoton.

Sai sirrin marasa lafiya. Fayil ɗin DICOM, wato tsarin da ake ajiye hotunan asibiti da shi, yana ɗauke da suna da lambar asibiti a cikinsa, hoton sikanin na ultrasound kuwa sau da yawa sunan a jikin hoton yake, goge bayanan fayil ba ya cire shi. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, hukumar SDAIA ke kula da ita, kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Kamfanin ya rubuta miki a takarda ƙasar da zai ajiye hotunan.

Batun kuɗi: ki tambayi kuɗin haɗa ta da PACS ɗinku (manhajar da kuke ajiye hotuna kuna karanta su a ciki) daban, don sau da yawa ba ya cikin farashin farko. Ki zauna da ofishin kula da inganci ku duba irin shaidar da CBAHI, hukumar tantance asibitoci ta Saudiyya, za ta nema lokacin tantancewa. Daga nan ki nemi gwajin wata ɗaya, ki ba likitan da ya fi kowa ɗari-ɗari ya fara. In sai ya fita daga PACS ya sake shigar da lambar sirri kafin ya tura hoto ɗaya, ki mayar musu da ita.