Ku Tambaya Mu Amsa: Filaye, Gyaran Gida da Haya a Kaduna

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga harkar filaye da gidaje. Ga huɗu daga ciki, da amsar da masananmu na gini da na shari'ar filaye suka bayar.

Wani ma'aikaci daga Kawo ya rubuto: "Na tara kuɗi ta adashe ina so in fara da fili. Dillali ya nuna mini hamsin da ɗari a Rigasa, ya ce takardar mai unguwa da ta hakimi duk suna nan, amma in biya cikin mako guda don akwai wani mai so. In biya?"

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Rigasa wuri ne mai kasuwa, musamman tun da jirgin ƙasan Abuja, mai tasha a can, ya fara aiki a 2016, amma inda fili ke tashi nan ne aka fi sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Abin da kake saye haƙƙin zama ne, wanda takardar mallaka ke bayarwa, galibi na shekara 99. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa. Ba ta nuna ko filin ya faɗa cikin shatar hanya ko makaranta ko maƙabarta, ba ta kuma nuna ko an jinginar da shi a banki.

Ka ɗauki safiyo mai rajista, naka ba na dillali ba, ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu na filin. Da waɗannan lambobin, da lambar fayil in akwai, za ka nemi bincike a KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar. Can ne za a ga sunan wa ke kan filin da abin da gwamnati ta ware wurin dominsa. A ranar kuma a ja tef a gabanka. Ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, kuma sau da yawa in an cire hanya sai ka tarar ƙafa goma ta tafi.

Ka koma wurin kai kaɗai, ka gaisa da maƙwabta, ka tambayi wa suka sani da filin. Ka ɗaga kai ka duba wayar wuta. Babban layi mai ƙarfin 330kV yana da haramin mita 25 kowane gefe, na 132kV mita 15, kuma gini a ƙarƙashinsu rusau ne ke jiransa. Ka dubi ƙasa ma. Fili a rani duk ɗaya yake, sai Agusta da Satumba ake sanin na gari. Mutanen Kigo Road da Rafin Guza sun san abin da Kogin Kaduna ke yi in ya cika. Ciyawar fadama a tsakiyar fili, ko layin laka a jikin katangar maƙwabci, sun ishe ka labari.

In komai ya yi, kuɗi ya tafi ta banki zuwa asusun mai filin da sunansa, ba na dillali ba. Lauya ya rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu. In filin yana da takardar mallaka, canza suna sai da amincewar gwamna, kuma kada ka bar wannan sai "wata rana". Kafin ka haƙa fandisho ka karɓi izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Mai sayarwar da ya ƙi jiran bincike, bar masa filinsa.

Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada: "Ina so in riƙa sayen tsofaffin gidaje ina gyarawa ina sayarwa. Ta ina riba take fitowa?"

Alhaji, riba tana fitowa ne daga farashin da ka saya, don haka lissafin daga ƙarshe ake faro shi. Ka fara sanin nawa aka sayar da gyararren gida irinsa a layin, wanda aka biya ba wanda aka yi talla ba. Ga misali don a ga yadda kuɗi ke zirarewa. Ka sayi gida miliyan 20. La'adar dillali kashi 5 cikin 100, miliyan 1. Lauya da takardu, miliyan 1. Gyara miliyan 5, da ƙarin miliyan 1 na abin da bango zai ɓoye maka. Jimla 28. Ka sayar 32, ka biya la'ada miliyan 1.6, ribarka miliyan 2.4. In ya ɗauki shekara, bai kai kashi 9 cikin 100 ba, alhali a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30. A ido an ci riba, a aljihu an yi asara. Gidan nan sai ka saye shi miliyan 15 ko ƙasa da haka yake ciniki.

Kafin ka taya, ka shiga da magini da tocila. A hau cikin silin a soki katako da sukudireba. In ya nutse, gara ta gama da shi, rufin duka za a sauke. A ƙwanƙwasa bango, domin a tsofaffin unguwanni akwai gidajen ƙasa da aka yi wa filastar siminti, daga waje ba ka bambanta su da na bulo. Siririyar tsaga a filasta ba komai ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ta yi karkace, bakinta ya buɗe a gefe ɗaya, fandisho ne ke zama, wannan kuma aikin injiniya ne. Fentin da ke ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, da farin gishiri a jikinsa, danshi ne ke hawowa: ko ba a sa ledar tare danshi a fandisho ba, ko an ɗaga titi ya fi daɓen gidan tudu. Fenti ba ya maganinsa, damina ɗaya zai dawo. Araha ba ta ado, kuma irin wannan gidan ne aka fi karyar wa farashi.

Gyara yana da jeri. Rufi da farko, sai magudanar ruwa da sokawe, sai wayarin da bututun famfo, sannan filasta, silin, tayil, fenti a ƙarshe. Wanda ya sa tayil kafin famfo zai fasa shi da hannunsa. Sabuwar filasta a bar ta mako uku zuwa huɗu ta bushe kafin fenti. Kayan aiki ka saya da kanka, ma'aikata kuma a biya su mataki-mataki bayan an duba aikin. Kada ka zuba kayan tsada irin na Unguwar Rimi a gidan da mai sayensa ɗan Hayin Banki ne. Abin da mai saye ke nema shi ne ruwa, rufin da ba ya yoyo, banɗaki mai tsabta da ƙofa mai ƙwari.

Wata malamar makaranta daga Badarawa: "An yi mini tayin gidan gado da sauƙi. Babban ɗan ne ke sayarwa."

Malama, babban ɗa ba shi ne magada ba. Ko dai a kawo takardar rabon gado daga kotu da ta nuna gidan ya faɗa rabonsa, ko kowane magaji, mata da maza har da na nesa, ya sa hannu. In akwai marayu ƙanana, sai kotu ta amince. Ki sani kuma a fiƙihun Malikiyya, in ɗaya ya sayar da kasonsa kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shufu'a: su mayar miki da kuɗinki su karɓi kason.

Wani mai gidan haya daga Unguwar Dosa: "Ɗan hayata ya shiga wata na biyar bai biya ba. An ce in cire ƙofa ko in yanke masa wuta."

Kada ka kuskura, Malam. Cire ƙofa, kware rufi, yanke ruwa ko sa kwaɗo duk ɗaukar doka a hannu ne, sai mai bin bashi ya koma mai biyan diyya. Fara da zama da wanda ya tsaya masa, a rubuta ranar biya. In ya faskara, sai notis. Inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, abin da aka saba shi ne wata shida ga mai hayar shekara, wata guda ga mai biyan wata-wata, bayansa notis na kwana bakwai, sannan kotu. Lauya ya rubuta, domin kuskuren kwanan wata kaɗai yana sa a kori ƙara a koma farko.

Ga na gaba, a yi yarjejeniya a rubuce: ranar shiga da ta fita, tsawon notis, yawan masu zama, wa ke kwashe sokawe da shara. A samu mai tsaya masa da aka san gidansa da wurin aikinsa. A ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da makulli, a karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, a ba da rasit duk biya. Kowane sashe da mitarsa mai kati, don kada ɗan haya ya tashi ya bar wa gidan bashin wuta. Daga kuɗin hayar kowace shekara ka ware na wata guda don gyara, ka sa a duba kwano da indararo a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka.