Amfanin dandalin gidan matasa ga ƴan wasan kwaikwayo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyarku na da buƙatar dandalin gidan matasa da al'adu na Maradi, tunda kuna wasa a filin unguwa. Tana da ita ƙwarai.

Babban amfaninsa katanga da ƙofa. A fili ba ka iya sayar da tikiti, kowa ya tsaya ya kalla ya wuce. Inda akwai ƙofa guda kuwa, ko dala ashirin kuka sa, ƴan wasa sun samu na sabulu. Ga wurin gwaji, nesa da ƙarar kabu-kabu.

Ku rubuta wa daraktan gidan takarda da wuri, da rana da awa. Rabon kuɗin ƙofa ku yi shi a rubuce kafin wasa, don nan ne rigima ta fi tashi: wa zai biya man janareto, wa zai biya mai kayan sauti. Ku tanadi janareto, kuran na ɗaukewa lokacin zafi. Ku yi gwajin ƙarshe bisa dandalin, ku kunna makirfo. Wanda ya tsaya gaban lasifika da shi, ƙara za ta cika wurin, maganarsa ta ɓace.

Rubutun wasanku kuma ku kai BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, a yi masa rajista.