Cin abinci a waje lokacin korona

Malam, ka tambaya ko zama a farfajiyar gidajen abinci da ƙananan masana'antun giya na unguwa ya fi aminci lokacin korona. Ƙwarai kuwa, domin cutar ta fi yaɗuwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa. A New York, a watan Yunin 2020 aka yarda su jera tebura a bakin titi, da tazarar ƙafa shida. Ni dai ba na shan giya, amma na tausaya wa ma'aikatansu, don wannan izini ne ya riƙe abincin da yawansu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rumfunan da aka rufe ruf da leda da hunturu ya shigo, har da ƙofa. Iska ba ta shiga, haɗarin ya dawo.