Tuwo, Fura da Lafiyar Matasa: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 15 ta daina cin tuwo, sai taliyar yara da lemon kwalba. Kwanan nan tana yawan kukan jiri da kasala, musamman lokacin al'ada.
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, abin da na fara zargi shi ne ƙarancin jini. Budurwa mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 na sinadarin ayon (wanda jiki ke haɗa jini da shi) a kullum, namiji kuwa 11, saboda jinin da take zubarwa duk wata. Taliya zalla ba za ta ba ta wannan ba. Amma gero, wake, zogale, alayyafo da hanta suna da shi. Ki riƙa haɗa mata da gwaiba, lemon zaƙi ko ɗanyen tumatir, domin suna taimaka wa hanji ya tsotse ayon ɗin. Shayi kuwa hana shi yake yi, don haka a raba shi da lokacin cin abinci. Kafin komai, ki kai ta asibiti a auna jininta. Kuma don Allah ban da faɗa. Na sha ganin yarinyar da ta ƙi tuwo ta cinye kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli tas.

Tambaya: Shekarata 16, ina son in yi tsawo da ƙarfi. Fura da nono za su wadatar?
Wani matashi daga Maraɗi

Amsa: Ɗana, tsawo yawanci gado ne, amma rashin abinci mai kyau yana tauye shi. Kusan rabin ƙwarin ƙashin mutum a shekarun samartaka ake gina shi, kuma nono da miyar kuka suna ba da sinadarin kalsiyam da ƙashi ke nema. Fura kaɗai dai ba ta isa ba. Ƙara da wake, gyaɗa, ƙwai ko kifi. Ka tabbata an tafasa madarar kafin a yi nonon, kuma kada ka cika wa furar sukari.

Tambaya: Yarona mai shekara 14 ya yi ƙiba sosai. In hana shi tuwo?
Wani uba daga Kumasi

Amsa: A'a, Malam. Tuwon dawa da ba a surfe sosai ba yana da dusa, yana daɗewa a ciki, yaro ba ya saurin jin yunwa. A rage malmala, a yawaita miyar ganye, a sassauta mai da dunƙule. Lemon kwalba shi ya fi damuna: kwalba ɗaya tana iya ɗauke da cokalin shayi 9 na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na minti 60 a kullum, don haka ka bar shi ya buga ƙwallo da yamma.