Ɗame fuska da ɗaye fata a rana ɗaya: amsa ga mai tahowa Turkiyya

Ƙanwata, kin ce za ki taho karatu Istanbul, Hajiya kuma tana so ta rako ki a yi mata tiyatar ɗame fuska, a haɗa da ɗaye fata da sinadari a zama ɗaya saboda rangwame. Don Allah ku raba su.

A wajen tiyatar, likita yana yanka ta gaban kunne ya ɗaga fatar kunci daga naman da ke ƙasa. Daga nan fatar ba ta samun jini sai ta siraran jijiyoyin da suka rage a jikinta. In aka zuba mata asid mai shiga ciki, an ƙone ta ta sama alhali an yanke ta ta ƙasa. Sai gefen kunne ya yi baƙi, fatar ta mutu, a ƙare da tabo. Shi ya sa likitoci masu taka-tsantsan ke shafa sinadarin a inda ba a ɗaga ba kawai, kamar kewayen baki, sauran kuma a jira wata 3 zuwa 6.

Hotunan tallan da kika gani yawanci na Turawa ne. Fatarmu daban take. Phenol, wato asid ɗin ɗaye fata mai shiga ciki sosai, yana kashe launi, wurin ya yi fari ya zauna haka har abada, yana kuma rikita bugun zuciya, don haka ake shafa shi kashi-kashi da tazarar kamar minti 15, ga na'urar zuciya a jone. Ko TCA, wani asid ɗin ɗaye fata, mai ƙarfin kashi 35 cikin 100 kan bar mana baƙaƙen tabo. Mai sauƙi irin salicylic na kashi 20 zuwa 30 ya fi dacewa da mu, shi ma bayan an gwada a bayan kunne.

Kada Hajiya ta ji nauyin faɗa wa likita in tana shafa man bilicin. Da yawansu akwai steroid a ciki, yana sirantar da fata ya hana ciwo warkewa. A duba hujin kunnenta da tsofaffin tabo, in suna yin tudu, likita ya gani kafin ya ɗauki wuƙa.

Hawan jini ne kan gaba wajen sa jini ya taru ƙarƙashin fata a awa 24 na farko, sai an daidaita shi tukuna. Aspirin kuwa, in tana sha, yana tsinka jini, likita ne zai faɗi ranar dainawa. Tikitin komawa ya zama bayan mako 2, an cire zare, kuma ku san likitan da zai ci gaba da duba ta a gida tun kafin ku biya ko sisi.